Hamsin da Tara

Ranar da ta fara ganinsa, ko sallamarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Ƙarfe takwas ka ce wa shugabarmu a waya. Ɗaga kai ka dubi agogon can."

Ya ɗaga kai ya duba. Tara da kwata. Ya sauke jakar kayan aikinsa a hankali ya ce, "Sista, a yi haƙuri, hanya ce ta..."

"Ta cushe. Na sani. Kullum hanya ce mai laifi, ba a taɓa samun wanda ya makara da kansa ba."

Ita ce ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin rigakafi a ƙaramin asibitin unguwar, kowa Sista yake ce mata. Ba ta da tsawo, amma in ta riƙe ƙugu sai ka rantse ta cika ɗakin. Da safen nan ta tarar firjin ya daina sanyi, ga allurar rigakafin mura ta bana da aka kawo jiya-jiyan nan. Ta kwashe kwalayen ta jera a kula, ta zagaye su da robobin ƙanƙara, tana leƙa ma'aunin sanyi duk bayan minti biyar.

Shi kuwa Mai Firji ko a jikinsa. Ya ja firjin gaba, ya durƙusa a bayansa, ya kasa kunne, ya cire wata 'yar na'ura da ta ƙone ya sa sabuwa. Duk faɗan da take yi, amsarsa ba ta wuce "To, Sista" da "Gaskiyarki, Sista" ba. Babu abin da ke ƙara tunzura mai faɗa irin a ƙi taya shi.

Da injin ya tashi, ya tsaya yana kallonta tana mayar da kwalayen. Masu farin tambari a sama, masu jan tambari a ƙasa.

"Su ma ba sa shiri ne aka raba musu ɗaki?"

Ta harare shi, amma ta amsa, don tana son aikinta. "Farar ta kowa ce. Jar ta tsofaffi ce, daga shekara sittin da biyar zuwa sama. Ta fi ƙarfi."

"Ni na ɗauka tsoho mai sauƙi ya kamata a ba shi."

"Haka kowa ke ɗauka. Allura saƙo take kai wa garkuwar jiki, ta ce ga kamannin abokin gaba, a shirya. Jikin matashi ko raɗa aka yi masa ya ji. Na tsoho kuwa kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Jar nan ita ce ɗaga muryar."

Ya yi dariya har da dafa bango. "Wallahi da mahaifina zai ji ki! Amma in na turo shi, ki rufa mini asiri kada kalmar nan ta fito daga bakinki."

"Wace kalma?"

"Tsoho. Malamin motsa jiki ne, ya yi ritaya, Koci ake ce masa. Shekararsa hamsin da tara tun ina makarantar sakandare, har yau bai ƙara ko ɗaya ba."

Ta so ta danne murmushin, ya ƙi dannuwa. Ya manna takardar lambarsa a ƙofar firjin, wai ko da zai sake tsayawa.

Da la'asar ta tura masa saƙo, saboda aiki kawai, in ji ta: "Sanyin ya sauka daidai, ya tsaya a nan. Na gode."

Amsa ta shigo nan take: "Firjin ya huce. Mai shi fa?"

Daga nan aka fara. Kafin wata guda firjin nan ya zama firjin da aka fi dubawa a duk garin. Yau a zo a share masa ƙura, gobe a zo a ji ko yana ƙara. Ta sa masa suna Ƙanƙara, don babu abin da ke ɗumama masa rai. Shi kuma ya ce ita Allura ce.

"Allura? Abin da yara ke gudu?" ta rubuta masa.

"Zafin minti ɗaya, amfanin shekara guda. Ni kuma na miƙo hannu da kaina, Allurata."

"Ka iya baki, Ƙanƙara. Ka ci abinci?"

"Na ci faɗanki na safe, har yanzu ban ji yunwa ba."

Ya je gidansu ya gaida Umma, mahaifiyarta. Umma ta ce yaron yana da natsuwa, kuma dama irin 'yarta sai mai ruwan sanyi. Magana ta kai har an fara zancen ranar da manyansa za su zo.

Ana cikin haka Koci ya zo asibitin. Mai Firji ya sauke shi a bakin ƙofa ya wuce wurin aiki, ya turo mata saƙo: "Ga surukinki nan. Ki tuna da kalmar."

A barandar ɗakin rigakafi layi biyu ne. Ɗaya na tsaye, ɗaya na benci mai jingina, an rubuta a samansa da manyan baƙaƙe: TSOFAFFI, 65 ZUWA SAMA. Koci ya wuce bencin ko kallo bai yi masa ba, ya tsaya a bayan wasu 'yan mata. Dogo ne, ƙirji a buɗe, farin takalmin gudu, usur rataye a wuya. Gashin kansa baƙi wuluk, irin baƙin da Allah bai halitta ba sai a kwalba. Amma wuya da bayan hannu ba sa shan rini.

Da layi ya zo kansa ta gaishe shi da ladabi, ta ɗauko kati.

"Baba, shekara nawa zan rubuta?"

"Hamsin da tara."

Ta ajiye biron. Ta tashi ta tura ƙofa, ta rage murya. "Baba, ba don komai nake tambaya ba. Iri biyu gare mu. In mutum ya haura sittin da biyar, jikinsa ba ya amsa farar sosai. Ta tsofaffi ce ta fi..."

Ta ji kalmar ta fita, ta kasa kamo ta.

"Ta su wa?" Ya miƙe tsaye. "Yarinya, ni kike kira tsoho? Kullum sai na zagaya fili sau shida kafin ke ki tashi daga barci!"

"Zagaya fili daban, Baba, garkuwar jiki daban. Ita ba ta san kana gudu ba, shekaru take ƙirgawa."

"Ko ki yi mini irin ta kowa, ko in kama hanyata."

Ta yi bayani sau uku, sau uku yana kallon silin. Ta auna a ranta: da babu gara ba daɗi, farar ma tana da amfaninta, ta fi ya fita haka nan. Ta rubuta a bayan katin cewa an ba shi shawarar mai ƙarfin ya ƙi, ta miƙa masa ya sa hannu. Ya sa, har biron ya kusa huda takardar. Ta yi masa farar.

A bakin ƙofa ya juyo. "Abin da aka yi a ɗakin nan, a ɗakin nan zai tsaya. Na san dokar aikinku."

"Sirrin mai jinya amana ce, Baba. Ko ba ka faɗa ba."

Bayan wata biyu mura ta shigo gari. Ba irin ta atishawa da majina ba, irin wadda ke kayar da ƙato ta bar shi yana rawar sanyi. Ta kama Mai Firji, ya yi kwana biyu ya warware. Ta kama Koci ta sauka masa a ƙirji. Kwana tara ya yi a babban asibiti, huɗu daga ciki da robar iska a hanci. Sista ta je dubiya sau biyu, duk biyun ya juya fuska bango.

Ranar da aka sallame shi, 'yarsa ta fari, wadda duk gidan ke kira Yaya, ta diro asibitin unguwar da rana tsaka, baranda cike da mutane.

"Ina take? Ina mai tsira wa mutane ruwa?"

Sista ta fito da safar hannu. "Yaya, sannu da zuwa. Mu shiga ciki."

"Babu inda zan shiga, a nan kowa zai ji! Kin yi wa mahaifinmu allurar mura, mura ta kusa kai shi kabari. Shi da bakinsa ya ce ruwa kika tsira masa."

"Yaya, babu allurar da ke yin alkawarin mutum ba zai kamu ba. Tana rage..."

"Rufe mini baki da karatunku! Ba an ce akwai mai ƙarfi ba? Wacce kika yi masa? Ko kin ɓoye mai kyaun kin ajiye wa naki?"

Amsar tana nan a aljihun tebur, taku biyar daga inda take tsaye, da sa hannunsa ɓaro-ɓaro. Sista ta danne maganar ta ce, "Ki tambaye shi."

"Kun ji ko? Ba ta da ta cewa!"

Tsofaffi uku da ke kan benci suka dubi juna. Ɗaya ta ɗauki sandarta, sauran suka bi bayanta.

Shugabar asibitin ta duba komai a ranar: takardar sanyin firji, lambar kwalin, katin. Ta ce, "Ba ki da laifi, kuma kin yi daidai da kika yi shiru." Ta fita ta gaya wa mutane allura lafiyarta ƙalau. Amma magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo an shafa wa Sista kashin kaji a duk unguwar, har a kantin kayan miya sai a yi shiru in ta shigo. Koci kuma ya tara 'ya'yansa ya ce muddin yana numfashi ba za a kawo masa yarinyar nan gida ba.

Duk wannan ta shanye. Abin da ta kasa shanyewa shi ne zuwan Mai Firji.

Ya same ta a ɗakin rigakafi bayan an tashi, ya rame, ya tsaya jikin firjin yana murza makullin babur.

"Allura, na duba firjin nan da kaina, lafiya lau yake. To abu ɗaya nake so in sani. Ja kika yi masa ko fara?"

"Ka tambaye shi."

"Na tambaye shi. Ya ce abin da kika ga dama kika tsira masa." Ya sassauta murya. "Ki ji ni. Ranar akwai cunkoso, ɗan Adam ajizi ne. In hannunki ne ya ɗauko wadda ba ita ba, ki faɗa mini. Wallahi na yafe miki tun kafin ki faɗa, ni zan tsaya miki."

Zagin Yaya bai yi mata zafin wannan tausayin ba.

"Ka yafe mini?"

"Har ga Allah."

"Ka yafe mini me? Shekara shida ina ɗakin nan, ban taɓa ɗaukar kwalba ban karanta ta sau biyu ba. Kai da ka gan ni ina gadin kula kamar mai jego, kai ne yau ka zo da yafiyarka a aljihu? Wa ya roƙe ka?"

"To ki faɗa mini abin da ya faru mana!"

"Ba zan faɗa ba! Ba nawa ba ne da zan faɗa. Da kai ne ka zauna a kujerar nan, ubanka ya zo yana tambayata, haka zan ce masa. Abin da nake nema a wurinka ɗaya ne, ka ce, 'Na san ki.' Ka kasa."

"Mahaifina ne fa. Na gan shi yana neman numfashi."

"Ni ma na gan shi." Ta finciko takardar lambarsa daga ƙofar firjin ta danƙa masa. "Ungo. In ya lalace za mu nemi wani."

Kwana goma ba ta ɗaga kiransa ba. Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Allurata, ko zagi ne ki turo, na yi kewarsa."

Ta karanta ta kife wayar.

"An ce mini mai gwajin jinin asibitinku ne ke kai ki gida yanzu. Gaskiya ne?"

Wannan ta amsa: "Sau ɗaya, ana ruwa. Kuma shi bai taɓa yafe mini laifin da ban yi ba."

Umma ta gaji da ganin 'yarta tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Ta ce, "Ke dai kin cika taurin kai. Takarda tana hannunki, ki ɗaga ta kowa ya gani, a wuce wurin."

"Umma, in na ɗaga tasa yau, gobe wa zai shigo ɗakina ya gaya mini gaskiyar jikinsa?"

"To ki haƙura da yaron. Ga na gwajin jinin nan, kullum sai ya aiko da gaisuwa."

"Ni ba gaisuwa nake so ba." Ta fashe da kuka, kukan haushi, tana yi tana goge ido da bayan hannu. Tana son Ƙanƙara, wannan ne abin da ya fi ba ta takaici. Kuma can ƙasan ranta tana jin haushin kanta: ranar nan sau uku ta yi wa Koci bayani, da wani ne ba uban saurayinta ba, wataƙila da ta yi sau goma.

A ranar ta goma sha ɗaya ta buɗe firji da safe ta ƙirga jajayen kwalaye. Suna nan yadda suke tun ranar da Yaya ta zo. Ta leƙa baranda, benci wayam, sai wata mage kwance a kai. A makon nan kaɗai an wuce da tsofaffi biyu na unguwar babban asibiti. Ta cire safar hannu, ta nemi izinin awa ɗaya.

Yaya ce ta buɗe mata ƙofa, ta tare hanya. Daga ciki murya ta ce, "Bar ta ta shigo." Yaya ta ja tsaki ta koma kicin.

Ɗakin Koci cike yake da kofunan gasa da hotunan ɗalibai a jere. Takalmin gudu yana ƙarƙashin gado, ƙura ta hau shi. Shi kuma yana kan kujera da bargo a gwiwa. Mako biyar rini bai ga kansa ba, furfura ta fito fara fat daga tushe, baƙin ya koma can ƙarshe kamar an tsoma.

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Sannan ta miƙe.

"Baba, ban zo roƙo ba."

"Kin zo ki yi mini barazana da takardarki."

"Takardarka tana aljihun tebur, a nan za ta tsufa. Ko ɗanka ban nuna wa ba, kuma ba zan nuna ba, ko da hakan ne zai raba mu. Ya ma riga ya raba mu." Ta matso kusa da kujerarsa. "Na zo in gaya maka abin da ka yi ne. Bencin nan da ka ƙi kallo, yau mage ce a kai. Tsohon direban bas da ke zuwa duk shekara bai zo ba, yana babban asibiti tun shekaranjiya. Mai ɗinkin bakin titi ta ce ba za a tsira mata ruwa ba. Maganarka suka ji, Baba, don kai ne Koci, rabin unguwar nan kai ka koya musu gudu."

"Ni ban hana kowa..."

"Ka hana! Ka gwammace a ce ni muguwa ce da a ce kai ka haura sittin. Sunana, aikina, aurena, duk ka ɗora su a kan lamba biyu. Haba Baba! Ni me na yi maka, ban da na gaya maka gaskiya a ɗaki, ƙofa a rufe?"

Ya buɗe baki zai yi tsawa, tari ya riga shi. Ya yi ta yi har ya dafe ƙirji. Duk fushinta bai hana ta zuba ruwa ta riƙe masa kofin ba. Da ya lafa ya juya yana kallon hotunan.

"Mu bakwai ne muka fara aiki tare," ya ce a hankali. "Duk wanda ya yarda aka kira shi da sunan nan, sai a kawo masa kujera. In ya zauna, sai a daina tambayarsa komai sai 'ya jiki'. Daga nan sai ka ji an ce ya tafi. Shida sun tafi. Uwar yaran nan ma ta tafi. Ni na rantse ba zan zauna ba."

Tausayi ya so ya kama ta, ta ƙi ba shi wuri duka.

"To ga shi ka zauna, Baba. Mako biyar. Ba sunan ne ya zaunar da kai ba, gudunsa ne. Ban ce da ka karɓi jar ba za ka kamu ba, wannan sai Allah. Amma ta fi dacewa da jikinka, kuma ka sani." Ta ajiye kofin. "Allah ya ƙara sauƙi."

Ta fita ba ta waiwaya ba. A hanya ta tabbatar wa kanta ta gama kashe auren da hannunta.

Ranar Litinin tana cikin jera sirinji ta ji ƙarar usur a baranda, mai tsawo, irin ta tashin wasa. Ta fito a fusace don ta ga wane marar hankali ne ke busa a asibiti.

Koci ne. An yi masa aski, kan nan fari tas babu ɗigon baƙi. Yana dafe da kafaɗar ɗansa, Yaya a bayansu tana kallon ƙasa. Bayan su kuma tsofaffi ne sun fi goma, har da mai ɗinkin bakin titi da sandarta.

Ya saki kafaɗar ɗansa, ya taka da kansa har bencin, ya ɗaga kai ya karanta rubutun da ƙarfi. Sannan ya zauna a ƙarƙashinsa.

"Jama'a, ku saurara, ba zan maimaita ba, numfashina bai dawo duka ba. Yarinyar nan ba ta tsira mini ruwa ba. Ta ce in karɓi mai ƙarfin, ta faɗa sau uku, na ƙi, na sa hannu. Na ce mata shekarata hamsin da tara." Ya ja numfashi. "Saba'in da shida gare ni. Da watanni."

Mai ɗinki ta ce, "Yo Koci, wa ka ɓoye wa? Ai ajinmu ɗaya a firamare!"

Baranda ta kaure da dariya, har shi. Sista ce kaɗai ba ta yi ba. Hawaye ne ke zubo mata, tana tsaye ƙiƙam da tiren sirinji a hannu.

"'Yata," in ji Koci, "na ci amanar da ke kika riƙe. Ki yafe wa tsoho." Ya faɗi kalmar a hankali, kamar mai ɗanɗana magani. Ya naɗe hannun riga. "A yi mini jar."

Ta share ido. "Ka riga ka yi ta bana, Baba. Sai baɗi."

"Kun gani? Ko yanzu ba ta sassauta mini ba. To ku matso, ku da ba ku yi ba. Layi ɗaya, ban da turereniya!"

Yaya ta matso ta kama hannunta ta ce, "Ƙanwata, bakina ya yi mini kaifi. Inda na tsaya na zage ki, a nan nake ba ki haƙuri."

Sai bayan azahar, da ta sallami na ƙarshe, ta ga Mai Firji tsaye a bakin ƙofa. Tun safe yake nan. Takardar lambarsa tana hannunsa, duk ta yamutse.

"Firji lafiyarsa ƙalau," ta ce ba ta dube shi ba.

"Na sani. Ni ne na lalace." Ya matso taku ɗaya. "Ban zo in yafe miki komai ba, Allura. Na zo ki yafe mini. Kalma uku kika nema na kasa faɗa, sai da aka faɗa mini."

"Yanzu ai ba su da tsada. Kowa ma ya san ni yanzu."

"Gaskiyarki, Sista."

"Kada ka fara mini 'gaskiyarki, Sista'! Kwana nawa na yi ina kuka saboda kai, ka sani? Mutum kamar ƙanƙara, sai ranar da ake neman ya tsaya da ƙarfi ya narke!"

"Gaskiyarki, Sis... Allurata."

Ta fisge takardar daga hannunsa, ta miƙar da ita a kan tebur, ta manna a ƙofar firjin da ƙarfin da ya sa kwalaye suka girgiza a ciki. Sai da ta ja masa rai mako biyu cur kafin ta sake kiransa Ƙanƙara, kuma Umma ta ce ya yi arha.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Koci ne ya fi kowa kai-kawo, kansa fari, usur a wuya, yana tsara inda kowa zai zauna. Da aka kawo masa amarya da ango, ya dafa kawunansu ya ce:

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuri'a masu riƙon amana irin na uwarsu, masu sanyin rai irin na ubansu. Allah ya sa ku tsufa tare, kuma in tsufan ya zo ku amsa sallamarsa." Aka shafa da amin.

Da allurar baɗi ta iso, Sista ta zo buɗe ɗaki da safe ta tarar an riga ta. Yana zaune a farkon benci, takalmin gudu a ƙafa, hannun riga a naɗe har kafaɗa. Ta ɗauko sabon kati, ta danne dariya.

"Baba, shekara nawa zan rubuta?"

"Saba'in da bakwai," in ji Koci. "Ki rubuta da manyan baƙaƙe, kuma ki ɗaga murya."